Rawanin Maja Mai Sarƙa

"Kalmar shahada!"

Wani mai shago ne ya fara ɗaga murya, ganin maza huɗu sun fito daga lungunmu ɗauke da gadon igiya a kafaɗa, da mutum kwance a kai an lulluɓe shi da farin mayafi. Nan take guduma ta tsaya a shagon farko, zarto ya tsaya a na biyu. Masassaƙa suka miƙe suna karkaɗe garin katako daga rigunansu, suna salati, kowa na neman inda zai sa kafaɗa ya samu lada. Ni ina biye a baya, kwalbar kananzir a hannu ɗaya, ƙullin auduga a ɗayan, ina ta cewa ku dakata, ku dakata. Ba wanda ya ko waiwayo ni.

Sai gawar ta yaye mayafi ta ɗago kai.

"Wace shahada? Uban wa ya ce muku na mutu?" in ji Chacha Meraj Din. "Rana ce ta dame ni na rufe fuska. Kai mai jan gemu, wata biyu ina kwance ko sannu ba ka zo ka yi mini ba, yanzu kafaɗarka har rawa take yi. Ku matsa. Shagon Tanwir za mu."

Wasu suka ja da baya suna a'uziyya, wasu suka kwashe da dariya. Amma ba wanda ya koma bakin aikinsa. Mutumin da likita ya sallamo ya ce a ba shi duk abin da ransa ke so, in ka gan shi a kan titi da rana tsaka yana zagin mutane, ai sai ka bi ka ga ƙarshen abin. Kafin mu kai kwanar masallaci mun fi mutum arba'in.

Ni ce Sughra, mai tanderun bakin lungu. Shekara talatin da shida ina gasa wa unguwar nan gurasa, tun da aka kawo ni Chiniot, garin masassaƙa, ina amarya, kuma duk tsawon shekarun nan bango ɗaya ne ya raba ni da Chacha Meraj Din, wato Baffa Meraj Din. Ba mai kiransa da wannan suna sai ni da katin zaɓensa. Kowa Maja Mai Sarƙa yake ce masa, wato an gutsure Meraj ya koma Maja, har yaran da ya yi jika da su.

Sana'arsa tsofar da katako. Masassaƙa su gama sabon kabad fes, yana ta ƙamshin itacen shisham, sai a kai masa tsakar gida. Ya zane shi da tsohuwar sarƙar keke, ya huhhuda shi da siririyar ƙusa kamar ƙwaro ya ci, ya shafe shi da ruwan shayi mai kauri da baƙin tukunya da man girki, ya shanya a rana. Cikin mako biyu kabad ɗin da aka haifa ranar Talata ya cika shekara ɗari da hamsin. Masu tara kayan tarihi su zo daga Lahore da Karachi, suna shafa shi suna lumshe ido, suna cewa mutanen da ne suka iya aiki. Ba wanda ya kai Chacha iya wannan ƙarya a garin nan, kuma ba wanda ya kai shi ƙinta.

A garinmu ba a ce wa mutum Ustad don ya tsufa, ko don kowa ya san ya iya. Sai ya yi aikin gwaji shi kaɗai a bayan labule, a ɗakin maigidansa. Ranar da ya gama a tara masassaƙa a yaye labule. In aiki ya yi, maigida ya naɗa masa rawani a gaban kowa, a raba alewa. Wanda ba a naɗa wa ba ɗan aiki ne har ya mutu, komai kyan hannunsa. Ba ya koyar da kowa, ba a tambayar ra'ayinsa, in ana taro a bakin ƙofa yake zama kusa da takalma.

Chacha ya ce yana ɗan shekara ashirin da uku ya yi nasa gwajin: kabad ɗin littattafai, wata goma sha huɗu yana kansa. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. Ƙofofi biyu masu ragar katako, da rumman ashirin da ɗaya da ya sassaƙa a cikin ganye, ɗaya a fashe ana ganin 'ya'yan. Saura kwana biyu a yaye labule kogin Chenab ya cika ya shigo gari, ya rushe bangon ɗakin, ya tafi da duk abin da ke ciki. Maigidan, Ustad Karam Ilahi, zazzaɓin bayan ruwa ya ɗauke shi kafin wata ya zagayo. Ɗansa Fazal, sa'an Chacha, shi ya gaji shago. Da aka tambaye shi zancen kabad, ya ce shi dai bai ga komai ba, amma in Maja yana son rawani ya zo ya sake wani gwajin a ƙarƙashinsa. Chacha ya ce gara ya ci ƙasa. Ya naɗe kayan sassaƙarsa a tsumma, ya ɗauki sarƙa.

Wannan labari na ji shi ya fi sau dubu. Kowa ma ya ji, har ya zama abin tsokana. In wani ya cika baki a wurin shan shayi, ya ce ya taɓa kama kifi mai tsawon mutum, sai a ce masa, "To, kabad ɗin Maja." Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba. Na taɓa faɗa masa a gaban mutane, ranar da ya ce gurasata ta ƙone. Ya ɗauki gurasarsa ya shiga gida. Har yau in na tuna sai in ji ba daɗi.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, Allah bai bar musu ɗa ba. Da ƙirjinsa ya ƙi, ni nake kai masa miyar waken nan da muke kira dal da gurasa mai taushi safe da rana, in zauna in ga ya ci. Ba ya tsoron mutuwa ko kaɗan. Abu ɗaya ne ke cin ransa, kuma ya faɗa mini ƙarara. "'Yata, in na mutu za a yi sanarwa a lasifikar masallaci. Kin san me za a ce? Maja Mai Sarƙa ya rasu. Da shi za a binne ni."

To, da safiyar ranar nan na kai wa ma'aikatan Tanwir gurasa. Tanwir shi ne mai babban shagon kayan tarihi a bakin titi, mai ƙofar gilashi, mutum ne da in yana magana sai ka rantse man shanu yake tauna. Na tarar an share tsakiyar shagon an ajiye wani dogon kabad, baƙi ƙirin, ƙafafunsa sun yi fari-fari.

"Kalla da ido, Sughra Bibi, ban da hannu," in ji shi. "Wannan ba irin na maƙwabcinki ba ne, tsufansa na Allah ne. A wani ƙauye can ƙasan kogi na samo shi, a ɗakin girkin wani mai gonaki, suna zuba albasa a ciki. Albasa! Shekara ɗari biyu, ba ko tantama. Anjima Begum Farkhanda, attajirar nan mai tara kayan tarihi, za ta iso daga Lahore da farfesan da ke duba mata kaya."

Ban ce zan ƙirga ba. Idona ne ya shiga yi da kansa, saboda kunnena ya riga ya haddace. Ƙofofi biyu masu raga. Rumman ɗaya, biyu, uku. Da na kai ashirin gabana ya faɗi. Na ashirin da ɗaya yana can ƙasa ta hagu, a fashe. Ban san lokacin da na bar kwandon gurasar a kan wata kujera mai tsada na fito ba.

Na tarar da Chacha kwance yana kallon rufi. Na gaya masa, numfashina na sama-sama. Bai motsa ba.

"Rumman kowa na sassaƙawa," in ji shi. "Can sama, a tsakiyar goshin kabad ɗin, me kika gani?"

"Baƙi ne kawai, Chacha, ya yi kauri. Sai wasu da'ira guda biyu, ɗaya kusa da ɗaya."

Sai ya fara dariya. Ya yi ta yi har tari ya sarƙe shi, na ɗago shi na ba shi ruwa, hawaye na bin gemunsa. Da ya samu numfashi ya ce, "Nemo kananzir da auduga. Nemo mini maza huɗu masu kafaɗa."

Haka muka isa ƙofar shagon Tanwir da rabin unguwa a bayanmu. Motar Begum tana waje. A ciki ga ta zaune, dattijuwa ce siririya da farin gashi, da kofin shayi a hannu. Farfesan yana kan ɗan tsani da gilashin ƙara girma, yana bayani. A gefe kuma ga Ustad Fazal a kujera, da farin rawaninsa mai sitaci da sandarsa. Shi ne babban masassaƙan gari yanzu, Tanwir ya gayyato shi don ganinsa ya ƙara wa ciniki nauyi. Na lura da abu ɗaya tun daga ƙofa: kowa kabad yake kallo, shi kaɗai ne yake kallon ƙasa.

"Waɗannan da'irori biyu masu haske a kewaye," farfesan ke cewa, "rana ce da wata. Alamar sarakunan wancan zamani ce. Na gan ta a ƙofofin tsofaffin gidajen sarauta. Irin wannan hannu, Begum Sahiba, ya ƙare. Yau ko garin nan za a tara kaf, ba mai iya rabinsa."

"Assalamu alaikum," in ji Chacha daga kan gado.

Tanwir ya taso da gudu. "Kai, kai, kai! Mene ne haka? Nan asibiti ne? Sughra Bibi, ke da hankalinki? Chacha Maja, ina da manyan baƙi, in aiki kake nema ka bari sai ka warke."

"Ba zan warke ba, ɗana, kada ka damu. Kayana na zo gani."

"Wane kayanka?"

"Wancan da kuka tsaya a gabansa kamar masu sallah."

Wani daga baya ya ce, "Kabad ɗin Maja!" Dariya ta tashi, amma ba ta yi ƙarfi ba, ta mutu da wuri.

Begum ta ajiye kofinta. "Baba-ji, kai ne wa?"

"Ni ne mai tsofar muku da kaya, Bibi. In kina da kabad ɗin Chiniot a gidanki mai shekara ɗari da hamsin, ki gaishe mini da shi, a tsakar gidana ya girma."

Tanwir ya yi tsamo-tsamo. Begum kuwa sai ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Amma wannan ban tsofar da shi ba," in ji Chacha. "Yin sa na yi. Shekararsa hamsin da ɗaya, a watan damina. Farin da ke ƙafafunsa ba tsufa ba ne, nan ne inda ruwa ya kai. Baƙin kuma hayaƙin ɗakin girki ne da man da matan gidan suka yi ta shafa masa. Ni na san baƙi, Bibi, da shi nake ci. Shekara hamsin ina sa wa katako tsufa, yau ki bar ni in cire sau ɗaya. Tsakanin da'irorin nan, ranar farfesa da watansa, kawai zan goge."

"Ba zai yiwu ba!" in ji Tanwir. "Wannan baƙin ai shi ne darajar kayan!"

Farfesan ya leƙo daga kan tsani. "Tsufan kaya ba a taɓa shi, dattijo. Ka'ida ce."

"In ka goge ba a ga komai ba fa, Baba-ji?" Begum ta tambaya.

"Sai ki ce su wuce da ni maƙabarta kai tsaye. Ga gado, ga masu ɗauka, ga jama'a sun taru."

Ta ɗaga kai ta dubi goshin kabad ɗin. Sannan ta ce, "Tanwir Sahib, kabad ɗin nan na saye shi, ko me ya fito. Farfesa, sauko ka ba shi wuri."

Chacha ba ya iya tsayuwa, balle hawa tsani. Sai mazan nan huɗu suka matsa da gadon jikin kabad, wasu huɗu suka kama musu, suka ɗaga shi sama da kawunansu har ya zo daidai da goshin. Na jiƙa auduga da kananzir na miƙa masa. Hannun nan da ko cokali ba ya riƙewa sai miya ta zube a rigarsa, da ya taɓa katakon sai ya tsaya cak. Na gani da idona.

Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai fanka. Yana gogawa a hankali, yana jefo baƙar auduga ƙasa, ina miƙa masa sabuwa. Ya ciro tsinken ashana daga aljihu yana bin lungu-lungu da shi. Jan shisham ya fara bayyana. Da farko wani siririn layi ne ya fito daga tsakiyar rana ya nufi sama. Wani ya fito daga wata ya tarye shi. Farfesan ya gyara tabarau. Sai wani abu mai kama da ganye ya fito a saman layin, amma ba ganye ba ne, sirdi ne. Sai abin riƙewa mai lanƙwasa biyu, da 'yar ƙararrawa. Sai fitila a gaba, ta karkace hagu.

"Keke ne!" in ji mai jan gemu. "Wallahi tallahi keke ne!"

Shagon ya ɗauka gaba ɗaya. Mutane na dukan cinya, wasu sun riƙe ciki, na waje suna turo na ciki suna tambaya me ya faru. Wani ya ce ashe sarakunan da a kan keke suke zuwa fada. Wani ya ce a tambayi farfesa ko ranar tana da bawul. Masu riƙe da gado dariya ta sa gadon na tangaɗi, Chacha yana zaginsu daga sama, "Ku riƙe ni, 'yan banza, ban gama ba!" Ni kuwa kuka nake yi, ina dariya, kananzir duk ya zube mini a zane.

Farfesan nan, in faɗi gaskiya, ɗan halak ne. Ya sake hawa tsaninsa, kunnuwansa jajur, ya kafa gilashi ya daɗe. Da ya juyo sai ya ce, "Sarƙar keken ma akwai ta. Gaɓa-gaɓa, kowace ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Na kuskure shekaru, Begum Sahiba, na yarda. Amma abin da na faɗa game da hannun, ban janye ba."

Aka sauke gadon ƙasa. Chacha yana haki, leɓensa ya bushe, amma idonsa na kan mutum ɗaya.

"Fajja," ya ce. Rabon da wani ya kira Ustad Fazal da wannan suna, sai dai tsofaffi su faɗa. "Tashi ka duba. Ko idon ya mutu?"

Ustad Fazal bai tashi ba. "Ba sai na duba ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kekena ne."

Dariyar ta tsaya.

"Babana ya sayo mini shi. Shi kaɗai ne keke a unguwar nan a lokacin. Fitilar ta karkace ranar da na faɗa kwata a bayan masallaci." Ya juya sandarsa a hannu. "Wannan mutumin ya roƙe ni in ba shi hawa ya fi sau ɗari. Ko taɓawa ban bar shi ya yi ba."

"Shi ya sa na yi nawa," in ji Chacha. "Na sa shi can sama, inda Ustad, babanka, ba zai gani ba sai an gama naɗi. Da ya gani da ya fasa mini kai."

"Ni na gani. Saura kwana uku ruwa ya zo, na leƙa labulen."

"Na san ka leƙa. Na ga ƙafarka ta ƙasa. Wa ke da wannan ƙaton ɗan yatsan a Chiniot in ba kai ba?"

"Ka sani? Ba ka taɓa faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Kai ɗan Ustad, ni ɗan mai jaki. Jira nake ka faɗa da bakinka. Ka daɗe, Fajja. Saura kaɗan ka makara."

Ustad Fazal ya dafa sanda ya miƙe. Ya je gaban kabad ɗin, ya sa hannu a kan rumman ɗin nan fasasshe, ya juyo ya fuskanci jama'a.

"Da na leƙa labulen nan na ga wannan abu, kwana na yi ban ci abinci ba. Na san ko shekara ɗari zan yi ba zan kamo shi ba, ga shi ni ne ɗan gida. Da ruwa ya tafi da shi, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Aka tambaye ni na ce ban gani ba. Ƙarya na yi. Ku shaida, duk wanda ke nan."

Sai ya kai hannu kansa ya fara warware rawaninsa. Ban taɓa ganin kan mutumin nan a buɗe ba, ashe sanƙo ne tas. Ya durƙusa da ƙyar a gefen gadon, gwiwoyinsa na ƙara. Aka tallafo Chacha zaune. Ustad Fazal ya yi bisimilla ya shiga naɗa masa, zagaye bayan zagaye.

"Ka matse da yawa," in ji Chacha.

"Yi shiru, ana naɗi kana surutu."

"Ya karkace."

"Kanka ne a karkace tun muna yara."

Da ya soke bakin rawanin, ya kama hannun Chacha, baƙi ƙirin da kananzir, ya ɗora a goshinsa. Ya ce da ƙarfi, yadda na waje za su ji, "Ustad Meraj Din."

Jama'a suka amsa. Ban taɓa jin titin nan ya yi irin wannan ƙara ba, ko ranar da ƙasarmu ta ci kofin wasan kurket. Masassaƙa suka yi layi, manya da ƙanana, kowa ya sunkuya ya taɓa gwiwarsa. Begum ta aiki direbanta ya kwaso duk jalebin da ke wurin mai alewa, da zafinsa. Ta tambayi sunan Chacha cikakke ta rubuta a ɗan littafinta, ta ce a jikin tagulla za a zana shi a manna a cikin ƙofar kabad ɗin.

"Kada a buga da ƙusa, Bibi," in ji shi. "Ba ƙusa a jikinsa."

Tanwir kuwa, kafin jalebi ya huce har ya sauya waƙa. Na ji shi yana gaya wa farfesa wai shi dama tun da ya ga kayan jikinsa ya ba shi hannun gida ne. Ya matso yana murza hannu. "Ustad-ji, akwai wasu 'yan kujeru a baya, da za ka ɗan sa musu hannu..."

Na ce, "Tanwir, kwandon gurasata na kan kujerarka. Miƙo mini kafin in sa maka nawa hannun."

Kwana uku ya yi bayan nan, kuma ban taɓa ganin mai jinya ya ji daɗin jinyarsa haka ba. Ya ƙi a cire rawanin, da shi yake kwana. Ya sa aka fito da gadonsa zaure. Mutane na ta zuwa gaisuwa, wasu har daga wasu unguwanni. Duk wanda ya ce, "Ustad-ji, ya jiki?" sai ya kai hannu kunne ya ce, "Me ka ce?" Sai mutum ya maimaita da ƙarfi. Kunnensa kuwa lafiya lau, ina daga bakin tanderu in yi ƙunƙuni ya amsa mini. Ya sa na ciro masa tsumman nan daga ƙarƙashin gado, ya warware kayan sassaƙarsa, ya rarraba wa masu zuwa ɗaya-ɗaya, yana gaya wa kowa yadda ake riƙewa. Yanzu ya isa ya koyar, kuma sai da ya koyar.

Na ce masa, "Chacha, ka yafe mini maganar da na yi maka ranar gurasa."

"Wace magana? Gurasar dai ta ƙone, wannan ban yafe ba."

Rana ta uku da la'asar muka ji wani abu na ƙiiƙii a lungu. Sai ga Ustad Fazal da 'yar hular saƙa a kai, yana turo wani tsohon keke, duk tsatsa, tayoyin sun zama tsumma. Ashe yana kan rufin gidansu tun shekarar ruwa. Ya jingina shi jikin gadon yana haki.

"Ga shi. Hau."

Chacha ya kalli keken tun daga gaba har baya. "Yanzu? Ka ga rowar mutumin nan, Sughra? Sai da ya tabbatar ba zan iya ba."

Ya miƙa hannu ya laluba ƙararrawar, ya danna da babban yatsa. Ta ƙi. Ya sake dannawa, ta yi wata 'yar ƙara a shaƙe. Tsofaffin nan biyu suka yi ta dariya kamar yara, har sai da na kori Ustad Fazal don tari ya taso wa Chacha.

Washegari da sassafe, ina ciro gurasar farko, na leƙa in tambaye shi ko zai sha shayi. Yana jingine da matashi, rawani a kai, hannunsa ɗaya a kan sirdin keken. Na kira shi sau biyu. Sannan na yi salati na rufe masa ido.

Ina tsaye a zauren lasifikar masallaci ta yi ƙara. Na riƙe numfashina. Ladan ya yi gyaran murya ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ustad Meraj Din, masassaƙi, ya rasu." Ya faɗa sau uku, kuma duk ukun na ƙirga.

Bayan azahar suka fito da shi a kan gadon nan dai, an ɗora farin rawanin a kan mayafi ta wajen kai. Mai jan gemu ne ya ce, "Kalmar shahada!" Wannan karon ba wanda ya ɗago ya zage shi. Shaguna kaf an rufe, har na Tanwir. Ustad Fazal ya sa kafaɗa da tsufansa, aka yi aka yi ya bari ya ƙi.

Mu mata muka tsaya a bakin lungu har suka sha kwana. Titin ya zama ba guduma, ba zarto, ba kowa. Na koma zauren in kwashe kwanukana. Keken na nan jingine da bango inda gadon yake, garin katako har ya fara sauka a kan sirdin. Na goge shi da bakin mayafina. Na kama fitilar zan miƙar da ita, sai na fasa, na bar ta a karkace, na ja ƙofar.